Yaya Hajara da Jikokin Majemi

Shekara bakwai ke nan cif da muka raka yayata, Malama Hajara, makwancinta a Kazaure. Tun da safe wayata take ƙara. Zauren zumuntar danginmu na waya ya cika da hotonta, an kewaye shi da furanni, kowa yana rige-rigen rubuta addu'a. Wannan ya ce uwar tarihinmu, wancan ya ce fitilar zuri'a. Addu'ar na ce amin, don ba a ƙin addu'a ko daga bakin wa ta fito. Kirarin kuwa ban amsa ba. Na san masu yin sa ɗaya bayan ɗaya, na kuma san abin da suka yi wa aikinta.

Ga wanda bai san ta ba, malamar firamare ce, ta yi ritaya tana shugabar makaranta. Mijinta ya riga ta rasuwa, 'ya'yanta sun kama gabansu. A shekarar da ta ajiye aiki likita ya gaya mata ciwon suga ya fara taɓa idonta, kuma ganin raguwa zai dinga yi. Da wata ce, da ta koma ɗaki ta rafka tagumi. Ita daga asibiti kasuwa ta wuce, ta sayo littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, ta kafa wa kanta doka: shafi biyu kullum kafin la'asar, ko da lafiya ko babu. So take ta bar wa jikokinta labarin rayuwarta da na gidan da ta fito tun ido yana gani.

Nata labarin bai ba ta wuya ba. Da ta zo kan asalin gida sai alƙalami ya tsaya. Mun taso ana gaya mana kakan mahaifinmu, Malam Mamman, babban malami ne da ya zo daga Barno. Hujjarmu wata tsohuwar gafaka ce, jakar fata ta ajiye Alƙur'ani, wadda ake fitowa da ita a nuna wa baƙi. Ba wanda ya san garin da ya zauna, ba wanda ya san inda aka binne shi. Wata Juma'a ta aiko a kira ni.

"Garba, babur ɗinka yana da lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya."

"To ranar Asabar za ka kai ni Roni. Shekara nawa ina dukan yara a kan satar amsa, ba zan zo da tsufana in rubuta abin da ban sani ba."

A lokacin ni malamin gona ne, ba ƙauyen da ban san hanyarsa ba a ƙasar nan. Haka muka shiga yawo, Asabar bayan Asabar, kusan shekara guda. Tana baya ta rungume jaka, a ciki akwai littafin rubutu, da maganinta, da gafakar da ta aro a wurin baffanmu.

A Roni muka fara, domin an ce a can kakanmu Malam Idi, ɗan Malam Mamman, ya yi karatu kafin ya dawo Kazaure. Sau uku muna zuwa muna dawowa hannu rabbana. Na ɗauka a irin waɗannan ranaku za ta yafe wa kanta rubutun. Ina! Ran nan ƙaya ta fasa mana taya tsakanin duwatsun nan na hanyar Roni, ga hadari ya taso. Ina tsaye a kan mai faci ina ta faɗa, na waiga na gan ta a kan bencinsa, littafi a cinya, ta kai fuska kusa da takarda. Da na leƙa sai na ga ta fara da cewa: yau ba mu samu kowa ba. Daga nan ta rubuta yadda gero ya yi a gonakin hanya, da abin da wata mai tallan nono ta gaya mata. Sai da ta cika shafi biyu ta rufe.

Na ce, "Yaya, yau ɗaya dai ai ba komai."

Ta ce, "Ɗaya ce uwar goma."

A zuwa na huɗu muka dace da wani tsoho a gidan malaman da kakanmu ya yi karatu. Ya ce ya ji manya suna cewa daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa dangin uwar Idi suka kawo shi. Muka nufi Gwiwa. A can wata tsohuwa da ba ta iya miƙewa ta saurari Yaya har ƙarshe, sannan ta yi dariya har da tari. Ta ce ita ba ta san wani Malam Mamman ba. Mamman ɗin da ya auri 'yar gidansu Babarbare ne, wannan gaskiya ne, amma majemi ne, mai jimar fata, kuma a wajen Babura ya zauna. Ta ce in ya zo ganin surukai, tun bai yi sallama ba ake sanin ya iso.

Muka kamo hanyar dawowa. Raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye wa mai karatu ba, kunya ce ta kama ni. Ita ko a jikinta. Asabar ta zagayo ta ce Babura.

A bayan wani ƙauye da ke kusa da iyaka muka samu majeman, can gefe inda iska ba za ta kai wa mutane wari ba. Ga fatu a shanye, ga tukwanen ruwan bagaruwa da ake jiƙa su. Mai gidan, Baba Ilu, tsoho ne tukuf, hannayensa sun rine. Yaya ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi wadda take, ta miƙa masa gafakar. Ya juya ta, ya bi ɗinkin bakinta da yatsa. Sannan ya ce aikin kakansa ne, Mamman, kuma har yau haka suke kama baki a gidan. Ya ce Mamman bai iya karanta ko baƙi ɗaya ba. Fatar akuya mafi kyau da ya taɓa jemewa ya ware, ya ɗinka wannan gafaka ya aika wa ɗansa Idi ranar da ya ji ya sauke Alƙur'ani. Idi ya zama malami, ya yi aure a Kazaure, tun yana zuwa jefi-jefi har ya ɗauke ƙafa.

Ranar Yaya shafi tara ta rubuta. Shi ne kaɗai lokacin da na ga ta karya dokarta.

Da Babbar Salla, bayan an ci an sha a zauren baffanmu, ta nemi izini ta karanta wa dangi abin da ta samo. Ba ta kai ƙarshe ba Alhaji Tijjani ya katse ta. Ɗan baffan namu ne, ɗan kwangila, a lokacin yana ta zarya yana neman a naɗa shi wata sarauta, kuma asalin malanta yana cikin abin da yake taƙama da shi.

Ya ce, "Haba Yaya, wannan ai tonon asiri ne. A kan maganar tsofaffin da hankalinsu ya fara gushewa za ki mai da mu majema?"

Ta ce, "Ba ni na mai da mu ba, Tijjani. A haka na same mu."

Kowa ya dubi Baffa. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Hajara, ba ki yi ƙarya ba. Mun sani. Amma a bar kaza cikin gashinta."

Ta ce, "Allah ya ƙara muku girma, Baffa. Ba zan kai shi kasuwa ba. Amma ba zan goge ba."

Ni da na ga komai da idona, ni da na riƙe mata jaka a gidan Baba Ilu, ina zaune a wurin ban buɗe baki ba. In zan raina wasu a rubutun nan, to da kaina ya kamata in fara.

Bayan nan ta yi shekara biyu tana rubutu. Baƙaƙen suna ƙara girma, layin yana karkacewa, har ya zama kalma biyar ko shida ke cika shafi. Ba ta fasa ba sai kwana huɗu kafin rasuwarta. Littafi goma sha ɗaya ta bari.

Bayan sadakar arba'in Alhaji Tijjani ya zo mini da murya mai taushi. Ya ce aikin Yaya bai kamata ya ruɓe a akwati ba, a ba shi ya kai a buga. Ni na ɗauko da hannuna na ba shi. Bayan shekara biyu aka kira mu taron ƙaddamarwa, da rumfuna da lasifika da manyan baƙi. Littafi ya fito da bango mai sheƙi, sunansa a gaba da manyan baƙaƙe, hotonta a baya kamar tambarin wasiƙa. Na buɗe na karanta a wurin. Mamman ya tashi daga malami ya zama ɗan sarki wanda ya ƙi gadon mulki saboda tsoron Allah, ya taho da ayarin raƙuma ɗauke da littattafai. Ba Gwiwa, ba Babura, ba Baba Ilu. Da na nemi littattafanta na asali sai aka ce ruwa ya shiga ɗakin ajiya. Ruwa mai hankali, wanda ya bar kwalayen tayil da buhunan siminti ya zaɓi rubutun makauniya.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga wannan. Ba na jin za ta yi kuka. Jan biro za ta nema. Da ta nuna musu cewa, in aka bi lissafinsu, kakan namu ya jagoranci ayari tun kafin a haife shi. Ko ƙaryar ma ba su iya ba. Da kuma ta ga abin da ya biyo baya, don yanzu abin ya zama yayi. Duk wanda ya samu kuɗin siyan mota sai ya nemo wanda zai rubuta masa asali. Kwanan baya wani yaron gidanmu da bai san hanyar Roni ba ya sanar a zauren waya cewa bincikensa ya nuna daga ƙasar Larabawa muka fito. Aka yi ta sa masa albarka. Na tambaye shi ƙauye nawa ya taka, ya ce yanzu ba a bukatar wannan. Gari ya cika da jikokin sarakai da sharifai, har mutum ya rasa waɗanda suka yi noma da ƙira da jima a ƙasar nan, ko aljanu ne.

Zanen aro ba ya rufe katara. Sarautar dai har yau ba a ba Alhaji Tijjani ba, domin masu naɗin ma suna da tsofaffi a gidajensu. Abin da ke ba ni haushi ba ƙaryar ba ce kawai, arahar da suka sayar da mutumin ce. Talaka wanda bai san alif ba ya zauna cikin wari ya jeme fata don ɗansa ya zama malami, jikokinsa suka ga wannan bai isa abin alfahari ba, suka musanya shi da ɗan sarkin da bai taɓa rayuwa ba. Takalmin da suke sawa su je taro na fata ne, jakar matansu ta fata ce, amma sunan wanda ya jeme ta ne ke tayar musu da zuciya. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

To me ya rage na Yaya? Rubutunta ya tafi, kuma ni na miƙa shi. Abin da na iya tunawa shi ne na rubuta a nan, kuma na san gobe za a fitar da ni daga zauren zumunta. A sauka lafiya.

A watan jiya na ɗauki iyalina muka tafi Babura, karo na farko tun bayan rasuwarta. Baba Ilu ya rasu. Ɗansa Haruna ya tarbe mu, bai tambayi dalilin daɗewarmu ba, ya sa aka dama mana fura. Muna zaune wata yarinya 'yar shekara bakwai ta shigo da kayan makaranta, ta durƙusa ta gaishe mu. Na ji suna kiran ta Malama, na tambayi dalili. Haruna ya ce sunan Yaya ta ci, an haife ta a watan da labarin rasuwar ya iso musu, kuma ba za su iya kiran sunan gatsal ba. Na shiga lissafin 'ya'ya matan da aka haifa a babban gidanmu cikin shekarun nan. Ba ko ɗaya mai suna Hajara.

Haruna ya ce, "Tun zamanin kakanni ba wanda ya tako daga Kazaure ya ce mu nasa ne, sai ita. Ta zauna a nan inda kake zaune, ta ci abincinmu, ba ta ko yatsine fuska ba."

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka mata kabarinta fiye da yadda duniya ta rage mata gani. Mu da muka rage, Allah ya ba mu kunyar da ta dace.