Shuɗiyar Rigar da Ba a Sa wa Almakashi

Kaf ƙauyukan bakin tekunmu babu wanda bai san muryar Odette Gallant ba. In ta ɗaga waƙa a kamfanin kifin gwangwani, sai mata su ajiye wuƙa su saki baki. Sai dai Allah ya haɗa mata da kafaɗun ubanta, mai jan taru.

Wasan waƙar nan na Ingila, na 'yar mai gadin fitilar teku da ke nuna wa jiragen ruwa hanya, wani limamin coci ne ya kawo mana shi bayan yaƙin duniya. Ƙanwarsa ta ɗinka wa jarumar shuɗiyar riga, daga nan kuma aka ɗora doka: ba a sa wa rigar almakashi. Wadda ta shiga cikinta ita ce 'yar mai fitila, ko da muryar agwagwa gare ta.

Shekarar da Odette ta isa gwadawa, ta yi azumin Ista har da ƙari, ta ƙaurace wa dankali da naman alade. Ta rame, ido ya faɗa, amma ƙashi ba ya jin azumi. Maɓalli ya ƙi haɗuwa. Noëlla Cormier, siririya kamar sandar shanya, ta zura rigar ba ko nishi.

Aka tsayar da Odette bayan labule, ta riƙa tallafa wa Noëlla da murya duk inda waƙa ta yi sama. Haka aka yi ta yi duk lokacin da aka maimaita wasan. Jama'a su yi tafi, a miƙa wa Noëlla furanni, ita kuma ta zaro ƙwaya ɗaya ta ba Odette, wai ga tukuici ƙawata. Odette takan karɓa da murmushi, ta kai wa akuyarta.

Da tsufa ya kama su, aka damƙa wa Odette ajiyar rigar, don ita ke da akwatin da asu ba ya shiga.

Bana aka tashi maimaita wasan. Jikarta Maryse ta buɗe baki a ɗakin taron coci, kowa ya yi tsit. Muryar kakarta ce sak, kafaɗun ma haka. Noëlla, wadda yanzu ita ke shugabantar kwamiti, ta ce zamani ya canja, a buɗe rigar ta gefe a ƙara ƙyalle. Kowa ya yi na'am. Aka juya wajen Odette ana jiran ta yi hawayen murna.

Ta ce doka doka ce.

Maryse ta bi ta har kicin. "Kaka, ni ce fa."

"Na gan ki, 'yar nan. Lokacin da nake taunar yunwa babu almakashi a garin ne? Sai yau aka ƙera shi?"

Noëlla ta zo da sandarta tana lallashi, ta ce ai ramawa ake mata. Odette ta ce mata ta riƙe ramuwarta, ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ta zauna a kai.

Aka ce to a ɗinka sabuwa, tsofaffi suka ce in ba waccan ba ba su zuwa. Ƙarshe wata siririyar 'yar gidan Leblanc aka ba. An roƙi Maryse ta tsaya bayan labule, ta ƙi, ta koma birnin Moncton wajen aikinta. Odette da kanta ta goge rigar, ta zauna a layin gaba, tana gaya wa na kusa da ita cewa yarinyar da ke cikin rigar ba ta da murya.