Furera da Kwalbar Zagaye na Tara

Shekara ashirin da shida ke nan, da an idar da sallar asuba a Agege, Furera Idrissa na cikin motar haya ta danfo ta nufi ɗakin gwaje-gwajen da take aiki. Ba dakta ba ce. Ita ke wanke kwalabe, ta dama wa ƙwayoyin bakteriya abinci, ta liƙa wa kowace kwalba suna.

Aikin ɗakin kamar zaɓen iri ne. Furotin ake nema wanda zai cafke gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa, don 'yan kasuwar Mile 12 su gwada buhu kafin ya kai tukunyar mutane. Ƙwayoyin su samar da furotin iri-iri, a zuba a farantin roba da aka shafa wa gubar, a ware masu riƙo, a ɗan sauya su, a sake zaɓe. Haka aka yi ta zagayawa har shekara uku.

Hali ɗaya ake mata tsiya a kai: ba ta zubar da kwalaben zagayen baya. Gadon kakarta ne mai kindirmo, wadda ba ta wanke ƙwarya sai ta rage na haɗin gobe. Da firiza ta cika, shugaban aikin, Dakta Misbahu, ya ce a kwashe tsofaffin kwalaben.

"Oga, abeg, bar min lungu ɗaya a cikinta," in ji Furera. Ya ga ba ta da niyyar janyewa, ya ƙyale ta.

A zagaye na goma sha huɗu furotin ya yi riƙon da ya sa kowa murna. Furera kuwa, don ta tabbatar, ta gwada shi a farantin roba da babu ko ɗigon guba. Ya manne ƙam. Da aka bincika, ashe tun zagaye na goma robar ya koyi kamawa, ba gubar ba.

Dakta ya dafe kai. "Shekara uku ta tafi a banza."

"Ba ta tafi ba, Oga. Na tara yana lunguna."

Daga wannan kwalbar aka sake tashi, kuma a kanta aikin yake tsaye har yau.

A watan nan take ritaya. Ni da muka yi aiki tare, na duba rahoton aikin ban ga sunanta ba, kuma abin ya yi mini ciwo. To, ga shi na rubuta. Ke ce Furera mai ajiya, wadda aka yi wa dariya ba ta fasa ba. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri.

Masu tasowa, ku yi koyi. Ta bar muku lungun a cike, kowace kwalba da sunanta.