Matashin da depite ya zauna a kai

A ƙasar Madarunfa mun ga depite, wato ɗan majalisa, iri-iri: wanda muka sani tun yana yaro, da wanda aka ɗora mana daga Maraɗi, da wanda sai a hoto muka san kamanninsa. Mu malaman lakwal, makarantar boko, darasi ɗaya muka haddace daga wannan tarihi: bayan kowane zaɓe, malamin da aka zarga da bin wanda ya faɗi yakan wayi gari an tura shi koyarwa can wajen Bilma.

Ni kuwa ba inda zan iya zuwa. Inna ta tsufa, idonta ya yi rauni, ni kaɗai na rage mata a gida. Saboda haka na ɓoye ra'ayina, ko matata ba ta san wanda na jefa wa ƙuri'a ba.

Inna ba ruwanta da wannan taka-tsantsan. Duk jam'iyyar da ta raba atamfa mai hoton ɗan takara, karɓa take yi. Ta wanda ya faɗi ta fi kauri, sai ta sa aka ɗinke matasan zaure da ita.

Da baffana ya rasu, aka aiko cewa sabon depite zai zo gaisuwa. Na shiga juya matasan, amma telan ya yi aikinsa da gaskiya, fuskar tana gaba da baya.

"Inna, a shigar da su ɗaka."

"Baƙo ya zauna a tabarma tsura? Ba a gidana ba."

"Za su kai ni Bilma."

"To ka ce musu kana da uwa."

Depite ya iso da tawagarsa, aka yi addu'a. Ya ɗaga matashi ɗaya, ya daɗe yana duban abokin hamayyarsa, sannan ya ajiye ya zauna a kai.

"Inna, wannan mutum ashe yana da laushi."

"Ya fi naka, ɗana. Naka zanen wanki ɗaya ya koɗe."

Kowa ya yi dariya ban da ni.

Duk hutun damina, in babur ya tsaya a ƙofa sai gabana ya faɗi. Aka koma lakwal, ba wanda ya taɓa ni. Daga baya na gane dalili: tun da depite ya tafi Yamai bai sake tuna Madarunfa ba, balle ni. Mutanen gari suna ta ƙorafi a kan haka, ina taya su a fili.