Mai Zana Teku a Tashar Kiyawa

A tashar Kiyawa wani siririn dattijo, hularsa duk ɗigon fenti, yana zana teku a bayan babbar mota. Shuɗi yake shafawa, yana sirkawa da ruwan toka, har ba ka gane inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Kwalekwale ɗaya tal, ba kowa ciki. Mu fasinjoji muna tsaye muna kallo. Ina jin wani nasa ne ya bi ruwa neman arziki, shiru har yau.

Direban ya leƙo. "Baba, ina tsallaken? Sa mana dabino da shanu a can."

"Wannan ruwan ba shi da tsallake, ɗana. Na tsaya bakinsa na duba."

Sai ya tsoma buroshi, ya juyo da goshin kwalekwalen wajenmu.