Neman Hotunan Masaƙar Bompai

Talata: daga gida zuwa Sharada

Ƙarfe biyar da kwata, ana sallame sallar Asuba, na rataya jaka na nufi tasha. Sai shida saura minti goma bas ta cika muka ɗauki hanyar Kano.

Ni ma'aikacin ɗakin karatu ne a wani gari na Jigawa. Bara na buɗe wa ɗakin namu shafi a dandalin sada zumunta, ina sa tsofaffin hotunan gari. Mutanen da ba su taɓa taka ƙofarmu ba suka fara zuwa da hotuna ƙunshe a leda. Ta shafin ne wani dattijo, Baba Yohanna, mutumin Kudancin Kaduna, ya rubuto mini. Ya ce masaƙar da ya yi wa aiki a Bompai tana da ɗakin karatun ma'aikata, shi ke riƙe da makullin har aka rufe ta. A ciki akwai kundin hotuna tara, kuma da yawan mutanen da ke cikinsu 'yan yankinmu ne. An sayar da wurin, in hanzarta in zo in ɗauka da waya.

Washegari na kai wa shugabanmu takardar neman izini. Ya ce, "Malam Nasiru, aikinmu littafi ne, ba latse-latsen waya ba." Mako bakwai takardar ta yi a teburinsa kafin ya sa hannu.

Shinge uku muka wuce kafin Gezawa. Takwas da rabi muka sauka a Yankaba, na sha kunu da ƙosai a tsaye, na tari adaidaita sahu. Sau biyu na canza, ga cunkoso, sai goma da kwata na isa Sharada.

Baba Yohanna gadi yake yi yanzu a wani kamfanin leda. Dogo ne, kunnensa na hagu ba ya ji, ya ce ƙarar injin saƙa ce ta cinye shi.

"Ɗana, ka daɗe," shi ne abin da ya fara ce mini.

"Baba, ku yi haƙuri, izini na tsaya jira."

Ya ba ni benci na jira har ya tashi aiki ƙarfe huɗu.

Zawaciki

Can yake haya, ɗaki biyu. Matarsa ta yi mana tuwon masara da miyar kuɓewa. Muna ci iska tana kawo warin majemun Challawa, su ko a jikinsu. Ya yi ta ba ni labarin kundin: ranar da aka kawo sababbin injuna, ƙungiyar ƙwallon ma'aikata, liyafar Sallah da ta Kirsimeti a zaure ɗaya. Ya ce a ɗakin nan ya koya wa mutum fiye da ashirin karatun boko, yawancinsu Hausawan ƙauye da 'yan Nijar. A falonsa na kwana.

Laraba: Bompai

Bakwai muka fita, muka bi ta cikin gari, tara saura kwata muna Bompai. Tireloli sun toshe layin, dole muka ƙarasa da ƙafa. Masaƙar ta koma sito, buhunan taki har rufi. Mai gadin wurin ya saurare mu yana sakace.

"Wancan ɗakin na ƙurya? Ai an kwashe."

"Yaushe?" in ji ni.

"Alhamis ɗin nan da ta wuce. Littattafan dai, masu ƙosai da awara suka saya a kan sikeli."

"Hotunan fa?"

"Su ba wanda ya so, ai hoto ba ya shan mai. An cinna musu wuta a baya."

Kwana shida ke nan. Baba Yohanna bai ji da kyau ba, ya juyo kunnen dama ya ce in maimaita. Wallahi ban taɓa faɗin magana mai nauyin wannan ba.

Mai gadin ya bar mu muka zagaya. Tarin toka ne jikin katanga, ruwan sama ya dake shi. Muka tsuguna muna tonawa da kara, ni da dattijo mai shekara kusan saba'in. Zoben ƙarfe na kundin muka yi ta cirowa. Bayan awa guda mun tsira da guntaye huɗu. Uku ba a gane komai. Na huɗun maza biyar ne gaban inji, wuta ta cinye kan biyu.

Ya share shi da gefen riga. "Wannan Sale ne, mutumin Maraɗi. Wannan Bitrus. Wannan…" Ya daɗe yana kallo. "Na manta shi. A bayan hoton muke rubuta suna."

Bayan ya ƙone ƙurmus. Na ce ya riƙe hoton, ya ce a'a, wurinsa ɓera zai ci. Muka rabu a bakin titi ƙarfe sha ɗaya da rabi, ya ƙi ko ruwan leda in saya masa.

Komawa

Ɗaya saura na samu mota a Yankaba. A cikinta na ɗauki guntun da waya na sa a shafi, na rubuta duk abin da ya faru. Kafin mu wuce Gezawa wata mata ta rubuto daga Haɗeja: na ukun nan da Baba Yohanna ya manta sunansa mahaifinta ne, Malam Garba, ta gane shi da tsagen fuskarsa. Ya rasu tana aji biyu, ba su da hotonsa ko ɗaya. Da alama ba ta karanta har ƙarshe ba, ta ce don Allah in sa sauran, wataƙila akwai wanda ya fito sosai. Na kife wayar a cinya har muka iso.

Uku da rabi na sauka gida lafiya, alhamdu lillahi. Ina gode wa Baba Yohanna da iyalinsa, da mai gadin da ya bar mu muka taɓa tokar. Da safe shugabanmu ya kira ni ofis, ashe an nuna masa shafin. Ya ce aiki ya yi kyau, mutane suna ta yabo. Sai dai in goge maganar mako bakwai, in kuma rubuta cewa shi ya tura ni.