Mai Sauraron Ƙarfe

Tun da bam ya tashi a kan gadar ƙarfe ta Kogin Dijla, motoci sun yi layi a bakinta, direbobi sai huci suke. Muwaffak mai shayi yana zuba musu, amma idonsa na kan wani dattijo mai duba lafiyar gadar da bai taɓa gani ba.

Gajere ne, furfura ta cinye gashin bakinsa, kwat ɗinsa ta yi masa yawa kamar a cikinta ya rame. Ko kallon ramin bam ɗin da kowa ke nunawa ba ya yi. Can gefe yake durƙusawa, inda fenti ya ɓare daga jikin ƙarfe, ya ɗora yatsa a kan ƙusa, ya ƙwanƙwasa da 'yar guduma, ya karkata kai kamar likita a ƙirjin majinyaci. Wata ƙusar ta amsa rau, wata a dishe. Mai dishewa sai ya zagaye ta da alli. Muwaffak yana zaton mutumin nan ya taɓa cewa wata gada za ta ɗauki nauyi, ta rufta, bai kuma sake barcin kirki ba.

"Haba Ustaz!" in ji wani direban motar kankana. "Ganga ka samu? Kayana na ruɓewa! Za ta ɗauke mu ko a'a?"

Dattijon ya miƙe. Ya zo ya karɓi shayi, ya ciro waya ya kira matarsa.

"Ummu Rafal," ya ce ƙasa-ƙasa, "ko sun buɗe gadar, ki hau kwalekwale da yaran."