Adda Dudu da Zaren da Ta Bari a Tukunya

Ina cikin kasuwar Jimeta da hantsin ranar Talata, ina duba audugar da aka auno mini ko da datti a cikinta, sai wayata ta yi ƙara. Mai ɗakina ce, Hajiya Mairo. A 'yan shekarun nan, duk kiran da ya fito daga gida a irin wannan lokaci ma'anarsa ɗaya ce: Adda ta fita, ba a san inda ta nufa ba.

"Malam, sai haƙuri," in ji ta. "Adda ta cika."

Na ce, "A ina?"

"A ɗakinta, a kan shimfiɗarta."

Na ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, sannan na yi hamdala a fili, har mai rumfar ya ɗago ya dube ni. Ga 'yan'uwa da abokan arziki da suka zo ta'aziyya gidanmu a unguwar Nassarawo suka tarar da fuskata ba yadda suka zata ba, wannan rubutu shi ne bayanina.

Adda Dudu yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A cikin garin Yola aka haife mu. Ni aka kai ni makarantar boko, ita kuma kakarmu ta koya mata kaɗi da rini. Aure ya kai ta wani gari a wajen Madagali, inda ta shahara da hulunan sanyi na jarirai da na tsofaffi. Ba ta taɓa sayen zaren kanti ba. Da hannunta take gurzar auduga, ta shiɓe, ta kaɗa a mazari, ta murza zaren biyu-biyu, ta rina shuɗi da baba, ja da karan dafi, rawaya da gangamau, sannan ta saƙa. Ba ta barin ƙulli a cikin hular jariri. Takan ce, "Kan yaro bai yi ƙwari ba, shi kuma ba shi da bakin faɗa maka inda ke damunsa." Idan na ce launi bai fito ba, sai ta ce, "Hedimasta, wannan ba jarrabawa ba ce. Bari ya sha iska tukuna." Tun kafin in zama hedimasta take kirana haka, kuma bayan na yi ritaya ba ta daina ba.

Ranar da 'yan bindiga suka shiga garinsu ta gudu da zanen jikinta kawai. Mijinta, Modibbo Sa'idu, ya koma ya taimaki wani maƙwabci makaho, kuma har yau babu wanda zai iya nuna mana kabarinsa. Ta iso wurina da ƙafafu a kumbure, ba ta yi kuka a gabana ba. Kafin wata ya ƙare ta sa an samo mata mazari. Hulunan farko da ta saƙa a gidana, yaran sansanin 'yan gudun hijira ta aika wa.

Shekaru suka wuce lafiya, sai mantuwa ta fara kama ta. Duk cikin abin da ta rasa, abu ɗaya ya tsaya mata a rai: da ta gudu, akwai zare a tukunyar baba bai fito ba. Sai ta yafa mayafi ta ce, "Bari in je in tsame shi, zai ruɓe." An taɓa tsintar ta a bakin gada tana tsayar da motocin Mubi. An kuma taɓa samun ta a Damare, a gefen wata gonar masara, ta ɓace hanya, wani mai keke mai ƙafa uku ya dawo da ita yana cewa, "Baba, wannan tsohuwa ƙafarta ta fi injina." Na yi masa godiya, amma ban yi dariya ba. Tsorona shi ne ta faɗi a inda babu wanda ya san ta, a binne ta ba mu sani ba, kamar mijinta.

Mun sa kwaɗo a ƙofa, sai ta wuni tana jijjiga shi tana kuka. Na zauna na yi mata bayanin nisan tafiyar da halin da hanya take ciki. Ta saurare ni da ladabi, ta ce, "To na ji. Zaren fa?"

Maƙwabciyarmu Maman Rifkatu, 'yar wajen Numan, wadda ta yi ritaya daga aikin jinya kuma takan zo su yi saƙa tare bayan ta dawo daga coci, ita ta kawo shawara. Ta ce da irin Hausarta, tana nufin Adda, "Baba Hedimasta, Goggo ba gari yake nema ba, tukunya yake nema. Ka sa mishi tukunya a nan mana." Na yarda, bisa sharaɗi guda: ba za a yi wa yayata ƙarya ba. Idan za a ce mata akwai zare a tukunya, to lallai ya kasance akwai shi, sabo, wanda ita ta kaɗa. Maman Rifkatu ta ce, "Kai da dokokinka! Siminti naka zai zama shuɗi fa." Ya kuwa zama, har gindin bangon da na sa aka yi wa fenti.

Daga nan aiki ya rabu. Ni ke sayo auduga, domin ban yarda da zaɓin kowa ba. Adda ta kaɗa, hannunta bai manta komai ba ko a ranakun da ta manta sunana. Hajiya Mairo ta kula kada tukunya ta taɓa zama babu zare. Maman Rifkatu ta saƙa, tunda idon Adda ya daina ganin saƙa. Duk sanda Adda ta ɗauki mayafi, sai Hajiya ta ce, "Adda, ga shi can a tsakar gida, yana jiranki." Sai ta tsaya, ta duba, ta ajiye mayafin ta naɗe hannun riga. Ba zan ce hankalina ya kwanta gaba ɗaya ba. Duk fitar da zan yi, sai na dubi ƙofa kafin in dubi hanya. Amma kwaɗon ya koma cikin akwati.

Hajiya ta gaya mini yadda safiyar ta kasance. Adda ta sha kunu, ta tsame zaren, ta matse, ta shanya a igiya, ta tsaya har ya juya daga kore zuwa shuɗi. Ta ce, "Ya yi." Sannan ta ce kanta ya yi nauyi, za ta ɗan kishingiɗa. Hajiya tana kusa da ita, ta laƙanta mata kalmar shahada, ta kuma amsa.

Matan gidanmu ne suka yi mata wanka. Limamin unguwarmu ya sallace ta bayan azahar. Ni da ɗanta Hammadu muka shiga kabarin muka karɓe ta, a maƙabartar da iyayenmu suke, kuma na tsaya har aka gama jera itace yadda ya kamata.

Ya Allah Ka jiƙan Adda Dudu, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata makwancinta. Ka haɗa ta da Modibbo Sa'idu a Aljanna, domin Kai Ka san inda yake kwance. Ka ba Hammadu da ƙannensa haƙuri, Ka saka wa Hajiya Mairo da Maman Rifkatu da mafificin alheri. Iyalan da har yanzu suke tambayar inda nasu suka faɗi, Ka sanyaya zukatansu kamar yadda Ka sanyaya tawa. Mu kuma da muka rage, Ka sa mu cika da imani a gaban waɗanda suka san sunanmu. Amin.